Ƙarfin aro da ƙarfin gumi: abin da gudun fanfalaki ke yi wa mai son rabuwa da ƙwaya

Babur ne ya kai ɗan yayata ga tramol. Kabu-kabu yake yi a nan Damagaram, babur ɗin kuma na wani ne, kowane dare sai ya cika wa mai shi abin da aka yanka masa kafin ya san ko shi ma ya samu na tuwo. Tun hantsi yana bisa hanya, daga tasha zuwa Birni, daga Birni zuwa Zango, ya zaga Sabon Gari ya dawo, cikin ranar bazara wadda ko jaki neman inuwa yake. Wata rana bayansa ya riƙe, wani abokin sana'arsa ya ɓare masa ƙwaya ɗaya ya ce, "Haɗiye wannan, maganin gajiya ne." A ranar dai abokin bai yi ƙarya ba. Shekara huɗu bayan nan aka ɗauko mana shi daga bakin titi yana jijjiga, kumfa a baki, ya ciji harshensa.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan bai sha ba, kuma kusan kowace safiya, da an sallame sallar asuba, yana kan hanyar Mirya yana gudu. Tun da labarin ya zaga dangi, iyaye ke tare ni a wurin suna ko gaisuwar mutuwa, su ja ni gefe su yi ƙasa da murya: wai da gaske gudu yana raba yaro da ƙwaya? Ba na iya ba su amsa a tsaye, domin in na ce e na yi ƙarya, in na ce a'a ma na yi ƙarya. Shi ya sa na zauna in warware maganar a nan, gwargwadon abin da na karanta da abin da idona ya gani a gidanmu.

Kafin a je ga gudu, sai an san hajar da tramol take sayarwa. Wani kamfanin Jamus ne ya haɗa maganin a 1962, ya fito da shi kasuwa a 1977 da sunan Tramal, mu kuma muke ce masa tramol. Maganin ciwo ne na gaske, dangin mofin, ana ba wanda aka yi wa tiyata ko mai ciwon da farasitamol ba ya taɓawa. Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce ko 100, kuma likita ba ya bari a wuce 400 a wuni. Wadda ta cika kasuwannin Afirka ta Yamma kuwa, galibi daga Indiya, ta 120 ce, ta 200, ta 225. Biyu kacal daga ta 225 sun riga sun tsallake iyakar wuni guda, alhali ɗan yayata, a ƙarshen lamarinsa, biyar yake korawa da shayi kafin ya karya kumallo. Indiya ta tsaurara doka a kanta a 2018, sai masu fataucinta suka koma ga wata ƴar uwarta, tafentadol, suna gauraya ta da wani maganin sassauta jijiya. A Fabrairun 2025 Indiya ta hana wannan haɗin ma. Sunan da ke jikin kati yana canzawa, amma abin da ke sa a saya yana nan inda yake.

Tramol hannu biyu gare ta. Da ɗaya tana kashe zafin ciwo kamar yadda mofin ke yi. Da ɗayan tana ƙara wasu sinadarai biyu na ƙwaƙwalwa, serotonin da noradirenalin, masu sa mutum ya ji kuzari da walwala. Shi ya sa maimakon ta kwantar da mai shanta, sai ta tsayar da shi bisa ƙafafunsa, in ta yi yawa kuma ta kayar da shi da jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai fasa dutse, mai garuwa, ɗan dako, manomi a noman farko, yawancinsu ba maye suka je saye ba ranar farko. Juriya suka je saye. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun samu tramol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, har aka zaci itacen ne ke yin ta da kansa. Shekara guda bayan haka wasu suka bi diddigi, suka gano manoma ne ke shanta, suna kuma ba shanun huɗa don su wuni suna aiki ba su gaji ba, fitsari da kashi suka kai ta cikin ƙasa, saiwa ta tsotsa. Can Turai kuma hukumar tseren keke ta duniya ta hana ta a 2019, a 2022 aka soke sakamakon Nairo Quintana ɗan Kolombiya a babban tseren keken Faransa saboda ita, daga 1 ga Janairun 2024 kuma aka haramta ta ranar gasa a dukkan wasanni. Shanun huɗa a Kamaru, ɗan tseren keke a Faransa, ɗan kabu-kabu a Zango, duk abu guda ake nema: jikin da ba ya cewa na gaji.

A nan na fara gane inda gudu ya shigo. Shi ma gudun fanfalaki juriya yake sayarwa, bambancin yana wajen lokacin biya. Tramol tana ba ka ƙarfin yau bashi, ka biya gobe da kuɗin ruwa. Gudu kuwa sai ka fara biya, da haki da ciwon cinya, sannan ya miƙo maka ɗan kaɗan, kuma abin da ya miƙo naka ne.

Yadda bashin yake taruwa shi ne abin da iyaye da yawa ba su sani ba, rashin saninsa kuma shi ke sa su ɗauka taurin kai ne kurum. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, dofamin, wanda aikinsa ya sa alama a kan abin da ya kamata a sake nema. Ka sha fura mai sanyi bayan ƙishirwa, ya ce maka a maimaita. Ka ci riba a kasuwa, ka ga fuskar wadda kake so, duk shi ne ke motsawa. Ƙwaya tana buɗe famfonsa fiye da duk waɗannan, ƙwaƙwalwa kuma ba ta son ambaliya, sai ta rage ƙofofin da ke karɓarsa. Hotunan ƙwaƙwalwar masu shaye-shaye da Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka a Amurka sun nuna wannan raguwar ƙarara. Daga nan ƙwaya ɗaya da ke isa a da, yanzu sai uku. Abin da ya fi wannan muni, sauran daɗin duniya duk ya dushe. Tuwon mahaifiya ya zama kamar ƙasa a baki, dariyar ƙanne ta zama surutu, albishir da mummunan labari su zo da nauyi ɗaya. A wannan matakin yaro ba don ya ji daɗi yake sha ba, don ya ji shi mutum ne kamar kowa yake sha.

Barin ƙwaya zango biyu ne, kuma mu na farkon kawai muke gani. Na farko kamar mako guda ne: gumi, zawo, amai, hamma, ciwon gaɓoɓi, ƙafafun da ba su zama wuri ɗaya, idon da ba ya runtsawa, fargaba ba dalili. Wannan zangon na likita ne, gudu ba shi da hurumi a cikinsa. Ina roƙon duk uban da ke karanta wannan ya riƙe abu guda: wanda ya saba da ƙwayar barci ta diyazafam ko giya mai yawa, yanke masa rana ɗaya yana iya kawo jijjigar da za ta kashe shi. Likita ne ke rage masa sannu a hankali, ita ma tramol ragewa a hankali ta fi aminci. Kulle yaro a ɗaki ko kai shi gidan mari yana iya raba jikinsa da ƙwaya na ƴan makonni, amma ba ya taɓa zango na biyu ko kaɗan.

Zango na biyu shi ne watannin da ke biye, lokacin da jiki ya huce, gida ya yi hamdala, kowa ya koma harkarsa, shi kuwa yaron yana zaune cikin duniyar da ba ta da ɗanɗano. Ƙofofin nan da ƙwaƙwalwa ta rufe ba sa buɗewa da wuri. A binciken Volkow kan masu shan wata ƙwaya mai suna metamfetamin, sai bayan sun haura shekara ba su sha ba hotunan suka nuna farfaɗowa sosai. Yawancin masu komawa a wannan fili suke komawa. Ɗan yayata ya taɓa ce mini, "Kawu, ni ba ciwon ne ya fi ba ni tsoro ba. La'asar ce." La'asar ce lokacin da ya saba ƙarawa, kuma da ta yi sai ya ji kamar an kira sunansa.

A wannan fili ne gudu yake da aiki. An daɗe ana cewa daɗin da mai dogon gudu ke ji daga endofin yake, wato mofin ɗin da jiki ke yi wa kansa, kuma a 2008 masana a Munik ta Jamus sun ga hakan a hoton ƙwaƙwalwar mutanen da suka yi gudun awa biyu. Daga baya aka gano akwai wasu sinadaran, dangin abin da ke cikin wiwi, waɗanda su ma jiki ke yi da kansa yayin gudu mai matsakaicin sauri, kuma su ne ke da babban rabo a natsuwar da ke biyo baya. Kada wannan ya ruɗi kowa: abin da jiki ke bayarwa ɗigo ne idan aka gwada shi da ambaliyar ƙwaya, kuma amfaninsa ke nan. Ɗigo ba ya sa a rufe ƙofa. Akwai ma wani ƙaramin bincike a Los Anjalas, na mutum 19 masu jinyar barin metamfetamin, da ya nuna waɗanda suka yi motsa jiki na mako takwas ƙofofin dofamin ɗinsu sun ƙaru, waɗanda aka zaunar ana yi musu darasi kuwa ba su ƙaru ba. Ban da wannan akwai abubuwan da ba sai an ɗauki hoto ba. Wanda ya yi gudun kilomita takwas da safe yana jin yunwa, yana cin abinci, da dare kuma barci yana ɗaukarsa, rashin barci kuwa yana cikin manyan ƙofofin komawa.

Amma gaskiya sai an faɗe ta duka. Da aka yi babban gwaji a Amurka da mutum 302 masu shan hodar iblis da danginta, aka raba su gida biyu, wasu motsa jiki wasu darasin kiwon lafiya, sakamakon da ya fito a 2017 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba a yawan kwanakin da suka yi ba su sha ba. Sai da aka ware waɗanda suka lizimci motsa jikin da gaske sannan aka ga ɗan rinjaye. A wajen taba sigari ma haka: tafiyar minti goma tana kwantar da kwaɗayin a lokacin, amma da aka tattara gwaje-gwaje ba a ga ta ƙara yawan masu bari na dindindin ba. Wanda ya fi kowa zama hujja a kan wannan shi ne Charlie Engle, Ba'amurken da ya ratsa ƙasarmu da ƙafa. Shi da abokansa biyu, Ray Zahab da Kevin Lin, sun taso daga gaɓar tekun Senegal a Nuwamban 2006, suka bi Muritaniya da Mali, suka shigo Nijar ta yi Agadas, suka wuce Libiya, suka isa Bahar Maliya a Masar bayan kwana 111. Engle tsohon mashayin hodar iblis da giya ne, ya bari a 1992. Abin da ba a cika faɗa ba, shi da bakinsa yana cewa tun yana cikin shaye-shayen yake shiga gudun fanfalaki yana gamawa, ya koma ya sha. Sai da ya haɗa gudun da zama kullum a taron masu taimakon juna wajen bari sannan abin ya zauna. Ke nan ƙafa kaɗai ba ta fitar da mutum.

To me ke fitarwa? Ana cewa sauya tunani, kuma na daɗe ina jin kalmar kamar wa'azin da ba shi da hannun kamawa. Da na ɗauka tunani ne ke fara canzawa, ƙafa ta bi. A kan ɗan yayata na ga ƙafa ce ta ja tunani. Alan Marlatt, wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washinton, ya koyar da cewa ƙishirwar ƙwaya ba ta hawa har abada. Tana tasowa, ta kai ƙololuwa, ta lafa, sau da yawa cikin ƙasa da rabin awa, in dai ba a ba ta abin da take nema ba. Kamar guguwar da ke gaban ruwan farko take: ta turnuƙe gari har ka ce ba za a sake ganin rana ba, can kuma ta wuce. Matsalar mai shan ƙwaya ita ce shekaru bai taɓa tsayawa ya ga wucewarta ba. Da ta taso yake haɗiya, saboda haka a saninsa ƙwaya ce ke kore ta.

Mai dogon gudu kuwa kullum sai ya gamu da irin wannan guguwar. Minti goma ko sha biyar na farko su ne mafi wuya, ƙirji yana zafi, wata murya tana cewa tsaya, yau ba za ka iya ba. In ya rage sauri bai tsaya ba, numfashi ya daidaita, muryar ta yi shiru. Gobe ta dawo, ta sake yin shiru. Bayan safiya ɗari mutum ya tara shaida ɗari cewa wannan muryar tana ƙarya, kuma ita ce dai muryar da ke kiransa da la'asar. Ba wanda ya gaya masa, jikinsa ne ya gani. Wannan ita ce sauya tunanin da na yarda da ita, wadda aka saye da gumi.

Akwai kuma tsawon hange. Ƙwaya tana taƙaita rayuwa zuwa awa huɗu ko biyar masu zuwa: ina zan samu, da me zan saya. Mai shirin dogon gudu dole ya yi lissafin watanni. Daga Damagaram zuwa Mirya kimanin kilomita 18 ne, zuwa da dawowa 36, cikakken gudun fanfalaki kuwa kilomita 42 da mita 195, sai an ƙara shida a kai. Wanda ke son ya isa Mirya da gudu bayan wata huɗu, barcin daren yau yana cikin lissafinsa. Ba a kuma farawa da kilomita 18. Ɗan yayata da gudun minti ɗaya da tafiyar minti biyu ya fara, sau uku a mako, yana jin kunyar ƙanƙantar abin. Na tuna masa cewa ita kanta giya ba rana ɗaya aka haramta ta ba. An fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, sannan aka hana kusantar salla cikin maye, sannan hani na ƙarshe ya sauka a suratul Ma'ida. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce da hanin giya ne farkon abin da ya sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba. Kuma aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa, ko da kaɗan ne.

Sai maganar fada, wato majalisar samari ta shayi da hira, wadda a ganina ta fi duk sinadaran nan nauyi a garinmu. Lokacin yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da ke can sun kamu da hiroyin. Aka ji tsoron za su cika ƙasar da mashaya in sun dawo. Lee Robins ta bi su da bincike, ta samu cewa a shekarar farko bayan dawowa kusan biyar cikin ɗari kawai na waɗanda suka kamu ne suka sake kamuwa. Mutanen dai su ne, amma wuri ya canza, abokai sun canza, abin da ke tayar da ƙishirwar ya tsaya can. Mun san hadisin mutumin da ya kashe rai casa'in da tara: malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai tsaya nan ba, ya ce masa ya bar ƙasarsa ya tafi inda mutanen kirki suke. Yaron Damagaram ba shi da jirgin da zai ɗauke shi. Tabarmar da ya saba zama, butar shayin, mai teburin da ke kusurwa, duk suna nan taku ashirin daga ƙofar gidansu. In ka ce ya bar fadarsa ba ka ba shi wata ba, ka yanke masa hukuncin kaɗaici, kaɗaici kuwa abokin ƙwaya ne.

Gudun asuba hijira ce ta lokaci ga wanda ba zai iya hijirar wuri ba. Wanda zai tashi ƙarfe biyar ba ya kai ƙarfe ɗayan dare a fada. In kuma akwai mutum uku da ke jiransa a bakin masallaci, ya samu sabuwar fada wadda ke lura in bai zo ba. A Kolorado ta Amurka, Scott Strode ya kafa wata ƙungiyar motsa jiki a 2006 wadda ba a biyan ko sisi, sharaɗin shiga guda ne: awa 48 ba ka sha komai ba. Kwana biyu, abin da mai rauni ma zai iya hangowa. A Los Anjalas wani alƙali, Craig Mitchell, a 2012 ya fara fita da sassafe yana gudu da mashaya da marasa gida, har Akara ta Gana da Rum ya kai su gudun fanfalaki. Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. Samarin ƙungiyoyin nan da ake kira pale na Kara-Kara da sauran unguwanni, masu ɗaga ƙarafan tsofaffin motoci da siminti, sun riga sun nuna cewa matashin garin nan yana son horon jiki, yana son ƙungiyar da za ta ƙirga shi. Abin da dogon gudu ya ƙara shi ne ba shi da ƴan kallo. A kilomita na goma sha biyu ba wanda kake burgewa, daga kai sai numfashinka. Hausawa na kiran wannan tsere gudun yada ƙanin wani. A ƙungiyar masu barin ƙwaya dole a juya sunan: wanda ya fi sauri shi ke komowa baya ya ɗauko na ƙarshe.

Ɗan yayata ya faɗi sau ɗaya. Watanni goma sha ɗayan da na ambata daga bayan faɗuwar nake ƙirga su. Ya yi wata uku lafiya, aka yi bikin wani abokinsa, ya sha. Yaya ta zauna tana kuka tana cewa hali zanen dutse, na ce mata, "Yaya, ciwon suga ma yana tashi bayan an samu sauƙi, ba a kuma korar mai shi daga gida." Alƙaluman masana sun nuna tsakanin 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye suna komawa, kusan daidai da yadda hawan jini da asma ke dawowa. Abin da ke mayar da tuntuɓe ɗaya ya zama faɗawa rijiya shi ne tunanin cewa tunda na ɓata, komai ya ɓaci. Mai gudu ya san ranar da ya kasa ba ta goge kilomitocin da ke ƙafarsa. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai mutumin da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mu kuwa yaro ya yi shekara bai sha ba, sunansa a unguwa yana nan ɗan ƙwaya. Sai dai akwai haɗari guda a komawa da ya kamata kowane mai bari ya sani: bayan watanni sabon jiki ya ragu, adadin da yake ɗauka a da yanzu yana iya tsayar masa da numfashi.

Gudu a Damagaram kuma yana da nasa sharuɗɗan. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, saboda haka daga asuba zuwa fitowar rana ne kawai lokacinsa, da ruwa a hannu, a garin da ruwan ma wani lokaci sai an saya wajen mai garuwa. Da hunturu ƙura tana cika ƙirji, mai asma ya kiyaye. Da azumi sai a rage, a mayar da shi bayan buɗa-baki. Wanda ya taɓa jijjiga ko yake jin bugun zuciya ya fara ganin likita. Abebe Bikila ya ci gudun fanfalaki a Rum a 1960 ba takalmi, amma hanyoyinmu akwai ƙarangiya da fasassun kwalabe, takalmin gwanjo mai laushin ƙasa ya wadatar. Akwai idon mutane: babba yana gudu a titi ba soja ba, ba ɗan ƙwallo ba, sai a ce lafiya, me ya koro ka? In an san shi da shaye-shaye kuwa sai a ce abin ne ya motsa. Ƴan matan da suka faɗa wa kodin da ƙwaya sun fi shiga tsaka mai wuya, don titi ba nasu ba ne da asuba, sai dai tafiya mai sauri su biyu su uku, ko tsallen igiya a tsakar gida.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne dalilin farko bai tafi ko'ina ba. Mai babur yana nan yana jiran kuɗinsa, baya kuma yana nan yana riƙewa. Sai da muka zauna a gida muka yarda ɗan yayata ya riƙa ajiye babur da azahar ya huta, mu cika giɓin tsakaninmu har ya tsaya da ƙafarsa. Duk wanda ya ce wa yaro bar ƙwaya ka kama gudu, bai tambayi me zai ci bayan gudun ba, bai gama magana ba.

Shi ma gudun yana iya zama tarko idan ya zama shi kaɗai ne igiyar da mutum ke riƙe da ita, domin ƙafa tana gurɗewa. A watan jiya ta ɗan yayata ta gurɗe a wani rami. Tsoron da na ji a ranar ya fi na ranar bikin, don ga ciwo na gaske, ga maganin da ya fi kowa sanin yana aiki, ga mako uku ba gudu. A wurin likita, kafin a rubuta komai, shi ya fara magana: ya ce ya taɓa kamuwa da tramol, kada a ba shi ita ko danginta. Aka ɗaure ƙafar aka ba shi wani maganin. Washegari da asuba na ji tashin babur a ƙofar gida. Ya ɗaura jarkar ruwa a baya, ya bi abokan gudunsa uku a hankali har inda suke juyawa a hanyar Mirya, ya tsaya yana miƙa musu kofi. Haka ya yi kullum har ƙafar ta saki, ranar Asabar da ta wuce kuma ya koma gudun minti ɗaya da tafiyar minti biyu.